Goon Show: Ta Ina Sabon Mai Sauraro Zai Shiga, Kuma Wane Kwafi Ne Cikakke?

Tambaya: Na ji an ce Sarki Charles na Ingila yana cikin masoya wani tsohon wasan barkwanci na rediyon BBC mai suna Goon Show, har akwai ƙungiyar da ke kula da shi. Na sauko da kashi uku daga intanet. Turancina ba laifi, amma na saurara ban ga abin dariya ba, sai ihu da fashe-fashe. Ga shi kuma akwai kashin da na samu a wuri biyu, ɗaya minti 30, ɗayan bai kai 25 ba. Ta ina ake shiga wannan abu, kuma wanne ne kwafin gaskiya?

Amsa: Malam, ba kai kaɗai ba ne. Duk wanda ya faɗa wa wannan wasa ba jagora, hayaniyar yake fara ji kafin dariyar ta zo. Batun kwafin da suka sha bamban kuwa, shi ne ya ɗaure masoyan wasan wuri guda tun shekarun 1970, domin abin da ya iso hannunmu ya sha almakashi a tasha fiye da ɗaya. Bari mu fara da kunne, sannan mu zo kan almakashin.

An fara watsa shirin ranar 28 ga Mayu 1951 a tashar Home Service ta BBC da sunan Crazy People. Daga zango na biyu, a 1952, ya koma The Goon Show, ya ci gaba har 28 ga Janairu 1960. Zango 10 ke nan, kashi fiye da 200, kowanne rabin awa, ana ɗauka ranar Lahadi a gaban 'yan kallo, galibi a gidan wasa na Camden da ke Landan. Mutum huɗu suka kafa shi: Spike Milligan, wanda shi ne babban marubucin, da Peter Sellers, da Harry Secombe, da Michael Bentine da ya fita bayan zango na biyu. Dukkansu sun yi aikin soja a Yaƙin Duniya na Biyu. Milligan da Secombe 'yan igwa ne, Sellers da Bentine suna rundunar sama. Milligan ya ji rauni a Italiya a 1944, kuma firgicin yaƙin bai sake shi ba har ya tsufa. Ka riƙe wannan da kyau, domin shi ne rabin mabuɗin. Wasan tsofaffin sojoji ne da suka dawo gida suna yi wa hafsoshi da ma'aikatan gwamnati da ita kanta BBC dariya. Shi ya sa manjo a ciki matsoraci ne, takardar ofis tarko ce, kuma ba a rabin awa ba a tashi wani da nakiya ba. Ka ɗauka an ba wanda ya koyi Hausa a littafi wasan Samanja: zai gane kalmomin ɗaya bayan ɗaya, amma barikancin da zolayar da ke tsakanin kurtu da na sama da shi za su wuce ta kansa. Matsayinka ke nan a yanzu, kuma yana da magani.

Maganin farko shi ne ka raba muryoyin. Mutum uku ne ke yin muryoyi barkatai, kuma muddin ba ka san wa ke magana ba, komai zai cakuɗe maka. Sauƙin abin shi ne Secombe kusan murya ɗaya yake riƙewa, ta Neddie Seagoon, gwarzon labarin: mai ƙarfin murya, mai son ƙasa, mai kwaɗayin kuɗi, wanda ko yaro zai iya damfara. Sauran suna zuwa bibbiyu, kuma a kowane biyu ɗaya Sellers ne ɗaya Milligan. Akwai 'yan damfara, Grytpype-Thynne mai lallausar murya irin ta manyan mutane, wato Sellers, da yaronsa Moriarty mayunwaci, wato Milligan. Akwai tsofaffi biyu masu kakkarwar murya da ba sa jin juna, Henry Crun na Sellers da Minnie Bannister ta Milligan, waɗanda za su iya cinye minti biyu a kan buɗe ƙofa. Akwai dolaye biyu, Bluebottle, yaro ɗan sikawut mai siririyar murya da ke karanta umarnin da aka rubuta wa ɗan wasa a fili kamar magana ce, shi ma Sellers, da Eccles mai kaurin murya da sanyin kai, Milligan. Sai Manjo Bloodnok na Sellers, tsohon sojan Birtaniya a Indiya, wanda cikinsa ba ya zama lafiya, aljihun wani ma ba ya zama lafiya kusa da shi. Labarin kusan kullum ɗaya ne: 'yan damfarar nan su ɗora Seagoon a kan wani aikin banza, ya bi ta kan sauran ɗaya bayan ɗaya, a ƙarshe abin ya tarwatse.

Tsarin rabin awar ma ba ya canzawa. Mai gabatarwa ya buɗe, Wallace Greenslade ne daga 1953. A yi kashin farko na labarin, sai Max Geldray ya busa hamonika, a dawo labari, sai Ray Ellington da 'yan kiɗansa su yi waƙa, a yi kashin ƙarshe, a rufe da kiɗa. Waƙoƙin nan biyu ba su da alaƙa da labarin. Ka lura da su dai, domin za su dawo a amsar tambayarka ta biyu.

Magani na biyu ya fi wuya a faɗa, domin shi ne zuciyar wasan. Shirmen Goon Show yana da doka. Ana ɗaukar magana guda ta wauta a matsayin gaskiya, sannan a bi ta da hankali tsantsa har inda ta kai. Misalin da masoya suka fi so yana cikin kashin The Mysterious Punch-up-the-Conker na 1957. Bluebottle ya tambayi Eccles ƙarfe nawa. Eccles ya ciro takarda, ya ce wani mutumin kirki ya rubuta masa lokacin da safe: ƙarfe takwas. Me ya sa yake yawo da ita? Don in an tambaye shi lokaci ya nuna. To idan aka tambaye shi ba ƙarfe takwas ba fa? Sai ya ƙi nunawa. To ta yaya yake sanin ƙarfe takwas ta yi? Ai yana da shi a rubuce a takarda. Ka duba, kowace amsa daidai take da tambayar da ta zo kafinta, babu inda Eccles ya yi ƙarya ko ya kauce, amma an zagaya an dawo inda aka fara. Daga nan Bluebottle ya kara takardar a kunne ya ji ba ta bugawa, aka fara zargin ko jabu ce. Wanda ke jiran a kai ƙarshen labari a saki magana ɗaya ta dariya zai fita hannu rabbana, domin dariyar tana cikin kowane taki na hanyar. Idan wannan hirar ba ta motsa ka ba bayan ka saurare ta sau biyu, wataƙila wasan ba naka ba ne, kuma babu laifi. Idan ta motsa ka, ka shiga.

Doka ta biyu ita ce abin da kunne ya ji ya faru, ko da ido ba zai yarda ba. A kashin Napoleon's Piano na Oktoba 1955, an sa Seagoon ya sa hannu a yarjejeniyar ɗauke fiyano daga wani ɗaki zuwa wani a kan fam biyar. Bayan ya sa hannu ya gano ɗaki ɗaya yana Ingila, ɗayan yana gidan tarihi na Louvre a Faris. Sai aka sato fiyanon, aka hau shi kamar jirgin ruwa aka shiga teku. A fim wannan zai ci kuɗi kuma zai fito da muni. A rediyo ƙarar igiyar ruwa ce da muryoyi uku, sauran aikin kanka ne zai yi. Shi ya sa sautukan da kake kira fashe-fashe su ne jimlolin wasan. A rubutun wasan an raba su gida biyu. Inda aka rubuta FX, ƙara ce da wani ma'aikaci ke yi nan take a dandali: ƙwanƙwasa ƙofa, zuba tsabar kuɗi, taku. Inda aka rubuta GRAMS, ƙara ce da aka riga aka ɗauka a faifai, mai kula da na'ura ya saki a daidai daƙiƙar. Ana ƙara wa faifan gudu don mutum ya ruga daga Landan zuwa wata nahiya cikin daƙiƙa uku, ko a jera ƙararraki goma don a ce wannan buɗe ƙofa ɗaya ce. Rugugin cikin Manjo Bloodnok ma sai da sashen gwajin sauti na BBC da aka kafa a 1958, Radiophonic Workshop, ya haɗa masa nasa na musamman, aikin Dick Mills. Saboda haka kada ka saurara a lasifikar waya kana wani aiki. Sa hedfon, ka zauna, ka ba shi rabin awar gaba ɗaya.

Daga ina za ka fara? Daga zango na 5, na 1954 zuwa 1955, ka bi har na 7. A nan wasan ya nuna. Zangunan farko gutsattsarin wasanni ne da ba su haɗu ba, sai da furodusa Peter Eton, wanda ya fito daga sashen wasan kwaikwayo na gaske, ya matsa aka koma labari guda daga farko zuwa ƙarshe. A zango na 5 kuma Eric Sykes ya taya Milligan rubutu, kuma hannunsa yana sa labari ya tsaya da ƙafarsa, abin da sabon kunne ke bukata. Masoya suna kiran kashi da lamba biyu, zango da matsayi, kamar yadda Roger Wilmut ya jera su a littafinsa na 1976 wanda har yau shi ake komawa. Ka fara da 5/3, The Dreaded Batter Pudding Hurler of Bexhill-on-Sea, labarin wani da ke jifan tsohuwa Minnie da kwaɓin fulawa cikin duhun dokar kashe fitila ta lokacin yaƙi. Sai 5/7, Lurgi Strikes Britain, inda 'yan damfara suka ƙirƙiro annoba suka ce maganinta busa ƙaho, alhali su ke sayar da ƙahonin. Sai 6/4, na fiyanon nan. Zango na 9 da na 10 ka ajiye su sai daga baya. Akwai abin dariya sosai a ciki, amma labarin ya saki, 'yan wasan sun koma yi wa junansu wasa, kuma an ɗauka ka riga ka san kowa. A ganina wanda ya fara daga can shi ne ya fi saurin gudu.

Ka saurari kowane kashi sau biyu. Na farko ba tsayawa, ko ka gane ko ba ka gane ba. Na biyu da rubutun a gabanka. An fara buga rubutun wasu kashi a littafi tun 1972, masoya kuma sun kwafe sauran da kunne. Sai dai ka sani, wanda aka buga shi ne abin da aka shirya faɗa, ba lallai abin da aka faɗa ba, domin Sellers da Milligan suna ƙari nan take. Wanda masoya suka kwafa kuma yana da kurakurai a wuraren da dariyar jama'a ta rufe magana.

Wasu abubuwan ba Turanci ne zai hana ka gane su ba, zamani ne. Kuɗin da ake ambata fam ne da sule da kwabo, kwabo 12 sule ɗaya, sule 20 fam ɗaya, tsarin da Birtaniya ta bari a 1971, Nijeriya kuma ta bari a 1973. A nan dattijon Kano ko Zariya ya fi matashin Landan na yau saurin gane cewa an yi wa Seagoon tayin banza. Rabon abinci da kati bai ƙare a Birtaniya ba sai 1954, shi ya sa yunwa da tsiya suka cika wasan. Fiyanon can ya ƙare ne a kan Rockall, wani dutse a tsakiyar teku da Birtaniya ta kafa wa tuta a Satumba 1955, makonni kaɗan kafin a watsa kashin, don haka 'yan kallo suna jin sunan suka fashe. Kashin da ake kira 1985, na Janairu 1955, shaguɓe ne ga wani wasan talabijin na BBC mai suna 1984 da ya tayar da ƙura wata guda kafin nan, haɗe da zolayar talabijin mai talla da ke shirin buɗewa. Ya karɓu har aka sake ɗaukarsa sabo bayan 'yan makonni, wato kashi biyu ne masu suna ɗaya, 5/15 da 5/20, kuma wannan kaɗai ya rikita masu tarawa da yawa.

Akwai kuma abin da bai kamata a ɓoye maka ba. Wasan ɗan zamanin mulkin mallaka ne, kuma yana ɗauke da ƙazantar zamaninsa. Ray Ellington baƙar fata ne, mahaifinsa Ba'amurke, kuma sau da yawa ana ba shi matsayin sarkin wata ƙabilar Afirka ko bawa, ana wasa da launin fatarsa. Akwai muryoyin Indiyawa da Sinawa da Yahudawa da aka yi don a yi dariyar lafazinsu. Wasu masoya suna kare wannan da cewa Turawan mulkin ne aka fi mayarwa wawaye a labarin, kuma gaskiya ne Bloodnok ba abin alfaharin daula ba ne. Amma wannan bai wanke wancan ba. Mai sauraro daga Afirka zai ci karo da layukan da za su ɓata masa rai, kuma yana da hujja. Masoyan kirki ba sa musun haka.

To, ga batun kwafinka biyu. A wancan zamani BBC ba ta ɗauki wasan barkwanci abin adanawa ba. Zangunan farko an ɗauke su a manyan fayafayai masu faɗin inci 16, ba a ajiye su ba. Zango na 1 ya ɓace gaba ɗaya, na 2 da na 3 'yan kaɗan suka tsira, galibi daga mutanen da suka ɗauka a gida daga akwatin rediyo. A zango na 4 aka koma tef, amma tef yana da tsada, ana goge shi a sake amfani da shi. Abin da ya ceci wasan shi ne sashen BBC mai sayar wa tashoshin ƙasashen waje shirye-shirye a faifai, Transcription Services, wanda masoya ke taƙaitawa TS. Daga zango na 5 wannan sashe ya riƙa ɗaukar kwafinsa, shi ya sa daga nan zuwa ƙarshe kowane kashi yana nan ta wata siga. A 1957 zuwa 1958 ma har sake ɗaukar kashi 14 na zango na 4 aka yi musamman dominsa, su ake kira Vintage Goons. Ostiraliya ta fi kowa riƙe amanar wasan, gidan rediyonta na ƙasa ya yi shekaru masu yawa yana maimaita shi.

Sai dai TS ba ta aika kaya yadda ta same shi. Tana yanke barkwancin da ya shafi labaran makon, da wanda take ganin zai ɓata wa wata ƙasa rai, da na batsa, sannan ta rage tsawo don tasha ta sami wurin sanarwa. Daga baya aka sake fitar da zaɓaɓɓu da sunan Pick of the Goons, aka sake yanka. Kamfanin faifai na Parlophone da ya fara sayar da wasu kashi a 1959 shi kuma ya cire waƙoƙin Geldray da Ellington. Ka ga kashi guda zai iya zama da siga huɗu ko biyar, kuma dukkansu na gaskiya ne ta wata fuska. Yadda za ka gane naka: idan bambancin ya kai minti biyar ko shida, duba ko waƙoƙin nan biyu suna nan, domin kusan kullum su aka cire, kuma kwafinka mai ƙasa da minti 25 ina kyautata zaton wannan ne. Idan bambancin minti ɗaya ne zuwa uku, ko dai yankan TS ne ko gudun tef. Alamar yanka ita ce dariyar jama'a ta ɓarke ba tare da ka ji abin da ya jawo ta ba, ko ta katse tsaf kamar an rufe ƙofa, ko wani ya amsa tambayar da ba a yi ba. Kada ka dogara da sunan fayil. Akwai kashin da sunansa a rubutu daban, wanda mai gabatarwa ya faɗa daban, wanda TS ta buga a faifai daban. Lamba da ranar watsawa su ne shaida.

Mafi cikar siga ita ce ta jerin The Goon Show Compendium da BBC ta fara fitarwa a 2008, aikin injiniyan sauti Ted Kendall. Hanyarsa ita ce ya ɗauki kwafin da ya fi tsabtar sauti ya mai da shi ginshiƙi, sannan ya cike guraben da aka yanke daga duk inda aka samu, ko da ɗaukar gida ce. Shi ya sa za ka ji sauti ya dusashe na daƙiƙa biyar ko goma sannan ya dawo garau. Sabon shiga yakan ɗauka fayil ya lalace, alhali wannan dusashewar ita ce layin da aka ceto. Ana samun jerin a faifan CD da kuma shagunan littattafan sauti. Tashar Radio 4 Extra tana maimaita wasan, sai dai a 2025 BBC ta taƙaita manhajar Sounds ga mazauna Birtaniya. Wasan kuma bai fita daga haƙƙin mallaka ba: Milligan ya rasu a 2002, kuma dokar Birtaniya tana kare rubutu shekara 70 bayan rasuwar marubuci. Yawancin abin da ke yawo kyauta a intanet kwafin kwafin kaset ne.

Ƙungiyar da ka ji labari ita ce Goon Show Preservation Society, an kafa ta a 1972, shekarar da mutum ukun suka sake haɗuwa suka yi The Last Goon Show of All don bikin cikar BBC shekara 50. Charles yana aikin sojan ruwa a lokacin, bai sami halarta ba, sai saƙo ya aiko, kuma tun yana Yarima ya zama uban ƙungiyar. Suna fitar da mujallar 'yan ƙungiya, suna taruwa, suna karanta wasan da muryoyinsa, amma aikinsu mai nauyi shi ne farautar ɗaukar da ta ɓace da tantance wadda ke hannu. Shi ya sa hirar masoyan Goon takan koma gardamar wane layi ne babu a wane kwafi, abin da bare zai ɗauka ɓata lokaci ne.

Idan kai ma za ka taɓa wannan aiki da fayilolin da ke hannunka, manhajar Audacity kyauta ce kuma ta isa. Ka fara da gudu, domin shi ne ciwon da ya fi yawa. Tef da aka kwafa daga na'ura zuwa na'ura yakan ƙara sauri ko ya rage, kuma kuskuren yana taruwa. Ƙarin kashi 4 cikin 100 yana mai da minti 30 ya koma minti 28 da daƙiƙa 51, ƙarin kashi 6 kuma yana ɗaga kiɗa rabin mataki cur. Da muryoyin wasan ba za ka gane ba, tun da dama a murɗe suke. Ka auna da muryar Greenslade ko da kiɗan rufewa, ka gwada da kwafin da ka amince da shi. Akwai kuma dabarar gurnanin lantarki: wutar Birtaniya tana kaɗawa sau 50 a daƙiƙa, kuma ɗaukar gida takan kwashi wannan gurnani. Ka zaɓi wurin da ba magana, ka buɗe Plot Spectrum, wanda ke zana kaɗawar sauti a hoto. Idan tsinin ya tsaya a 52 maimakon 50, fayil ɗin ya yi sauri da kashi 4, sai ka rage da kusan 3.8. Ka yi hattara dai, gurnanin zai iya zama na na'urar da ta kwafa daga baya, musamman idan ka gan shi a 60, wanda ke nuna kwafin ya bi ta Amurka ko Kanada. Gyaran kuma da Change Speed (a sababbin sigogi Change Speed and Pitch) ake yi, mai sauya sauri da kaifin murya tare kamar yadda tef ya ɓata su tare. Change Tempo zai daidaita tsawo ya bar muryoyin a sama.

Bayan gudu sai gurnanin kansa: a cire shi da siririyar matata a 50, in ya cancanta a ƙara a 100 da 150. Sai shuu ɗin tef, kuma a nan ne aka fi yin ɓarna. Mutum ya ga Noise Reduction, wato mai rage shuu, ya tura shi desibel 20 ko fiye, shuu ya tafi, amma muryoyi su koma kamar ana magana a ƙarƙashin ruwa, tafin jama'a ya koma ƙarar ƙarfe. Dalili shi ne tafi da dariya da harafin s duk suna kama da shuu a wurin manhajar, sai ta cinye su tare. Desibel 6 ya isa, kada ka wuce 9, kuma ka ɗauki samfurin shuu daga wurin da babu kowa, abin da ke da wuyar samu a wasan da jama'a ke ciki. In ba ka samu ba, ka bar shi. Kada ka yi ƙoƙarin ƙaro kaifin da babu: abin da aka ɗauka daga rediyon matsakaicin zango ba ya wuce kilohaz 5 ko kusa, ɗaga saman ba zai ƙaro komai ba sai shuu. Wasan gaba ɗaya layin sauti ɗaya ne, don haka ka ajiye shi a haka. Rabin awa a WAV mai layi ɗaya kusan megabait 159 ne, a FLAC kamar rabin haka ba tare da asarar komai ba, a MP3 mai kilobit 64 a daƙiƙa kuma kusan megabait 14, wanda ya wadatar don saurare a waya. Kada ka gyara MP3 ka sake ajiye shi a MP3, kowane zagaye yana ci. Kuma kullum ka bar asalin fayil ɗin ba taɓawa, ka sa wa gyararren suna mai lamba da rana da tushe, misali 5-07, 1954-11-09, TS.

Tashoshin rediyo a ƙasashen da Birtaniya ta yi wa mulki suna cikin masu karɓar fayafayan TS, kuma ko da yake ƙa'ida ita ce a lalata su ko a mayar bayan wa'adi, ba duka aka bi ba. Idan kai ko wani naka yana aiki a tsohon gidan rediyo ya ci karo da irinsu a sito, ko da tsohon tef mai faifai biyu, kada a yi gaggawar kunnawa. A fara ɗaukar hoton tambarin da lambobin da ke jiki, domin daga su kaɗai masani zai faɗi ko abu ne da ake nema. Faifai mai inci 16 ba ya hawa garmaho na gida. Wanda aka yanka kai tsaye, mai fatar fenti mai sheƙi a kan ƙarfe, allura mai nauyi tana iya kashe shi a kunnawa ɗaya, kuma ba a goge shi da sinadari ko barasa. Tef da ke warin tsami kamar ruwan khal ya fara ruɓewa, a ware shi daga sauran domin warin yana harbin na kusa. A ajiye fayafayai a tsaye, a ɗaki mai sanyi da bushewa, nesa da rufin kwano da taga, sannan a aika hotunan ga ƙungiyar ko ga sashen adana kayan tarihi na BBC kafin a yi komai.